Baba Ya Rubuta Sunan Kowace Amarya a Gummi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya riga mu tafiya ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin motar da na shigo daga Anka, inda nake aure, ta sauke ni a Gummi, har an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba. Na tarar da tabarmarsa a naɗe an jingine ta a jikin rumfa, Inna kuma tana ɗaki da carbi a hannu, idonta a bushe.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Baba ba. Ranar uku tsakar gidanmu ta cika da mata har bakin rijiya. Ana cikin gaisuwa sai wata mata da ban ma gane ta ba ta buɗe jaka, ta zaro wani kati a cikin leda, ta ɗaga shi sama.

Ta ce, "Ku diba, Malam yar rubuta man wanga da hannu nai. Yau shekara ashirin da ɗoriya, ɗiyana shidda, ko harahi guda bai koɗe ba."

Ashe jira ake yi wata ta fara. Wannan ta zaro nata, waccan ta nuna hoton nata a waya, wata ma ta tashi takanas ta je gida ta ɗauko. Kuka ya koma hira. Katunan ɗaurin aure suna ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana shafa su ana cewa Allah Ya jiƙan Malam. Wadda aurenta ya mutu tun tuni ma ta zo da nata, ta ce mijin ta bar shi, katin ne ba ta bari. Aka yi dariya har da masu hawaye a fuska.

Can sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta juyo gare ni. "Ke da kike ɗiya tai ta hwari, naki ai ya hi na kowa kyawo. Ɗauko muna mu gani."

Na ce yana Anka, ban zo da shi ba. Ƙarya na yi, a zaman makokin ubana, da carbi a hannuna. Ƙanwata Auta tana gefena da nata katin a kan cinya cikin firam na gilashi. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ja gefen hijabinta ta rufe shi. Wannan tausayin nata ya fi tambayar tsohuwar yi mini ciwo.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Baba, amma ba zan iya yabonsa ba sai na faɗi gaskiyata. Baba ya rubuta sunan kusan kowace amarya a Gummi, har da na Bukkuyum da ƙauyukan da ke tsakani, ni kaɗai ce bai rubuta wa ba. Na yi shekaru ina kishin matan garin nan, ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar uku ɗin nan kishin ya fi na kullum, domin hannun da nake jira ya shiga ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba malamin firamare ne. Ya yi allo tun yana yaro har ya sauke, saboda haka hannunsa na boko ya gaji natsuwar hannunsa na allo. A garinmu ƙawayen amarya ne suke yanka kwali, su manna masa zare mai ƙyalli ko guntun leshi a gefe, sannan a kawo wa Baba ya sa rubutu. Yakan rubuta guda ɗaya da ya fi ba wa ƙarfi, shi yake kira uwar kati. Ita ake kai wa masu hoto-kwafi su fitar da na rabo, sannan a maido wa amarya ta adana. Ita ce matan nan suka zo da ita.

Ba ya aiki sai da hantsi, a ƙarƙashin rumfar da ke ƙofar turakarsa. Zai ja layi uku da fensir, a hankali yadda da ƙyar za ka gan su. Babban harafi ya taɓa na sama, ƙanana su tsaya a na tsakiya, kowa ya zauna a kan na ƙasa. Zai auna faɗin kwalin da zare, ya ninka zaren biyu ya samu tsakiya, sai ya fara sunan daga harafin tsakiyarsa, ya yi dama sannan ya dawo hagu, don kada suna ya karkata gefe guda. In tawada ta sha iska ya goge layukan da kilina, ya hure. Wanda bai sani ba sai ya rantse inji ne ya buga, sai dai inji bai iya 'yar jelar nan da Baba yake ja wa harafin ƙarshe ba. Idan an yi masa zancen masu buga kati da kwamfuta a Gusau, sai ya taɓe baki ya ce, "Inji bai san amarya ba."

Yana da wata ɗabi'a da ba ya saɓawa. Ba ya rubuta wa amarya biyu da alƙalami ɗaya. Kowace aka kawo, sai ya ɗauko sabon karan gamba ya fiƙe da reza, yana cewa, "Kowace amarya da alƙalaminta." In ya gama fiƙewa ya tsoma a kurtun tawada, sai ya ɗan juya mana baya, ya kare da tafin hannunsa, ya gwada bakin alƙalamin a kan wani guntun takarda. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ninke guntun ya tura ƙarƙashin tabarma. Mu yara an hana mu taɓa tabarmar nan, Inna kaɗai ke share wurin. Mun ɗauka wata addu'a ce yake rubutawa kafin ya fara aiki.

Laifina ɗaya, ni ce 'yar fari. A gidajenmu uba da uwa suna jin kunyar ɗan fari, ba sa kama sunansa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Wasu gidajen sun sassauta, namu ko kaɗan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" nake. In ba na kusa ya ce, "Ina yarinyag ga?" Shekarar da na kai aji huɗu, ajin da yake koyarwa, sai ya je ya roƙi hedimasta a sauya masa aji don kada ya riƙa kiran sunana a rajista. Duk sa'o'ina na garin nan hannun Baba ne da su, ni kuwa har yau rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Auta, da ta zo bayana da shekara shida, a cinyarsa ta koyi riƙe alƙalami, yana rangaɗa mata suna tun daga zaure.

Ba zan ce bai kula da ni ba. Takalmina bai taɓa tsinkewa ya kwana biyu ba, sai dai ta hannun Inna sabon zai fito, ita ma ta ajiye a bakin ƙofa ta ce wai tsinta aka yi. In ya sayo tsire, Auta yake miƙa wa ya ce ta raba, kuma ya tsaya a wurin har sai ya ga ta ba ni kaso mai tsoka. Na san duk wannan. Amma yarinya ba ta ƙoshi da abin da ta sani, tana son ta ji da kunnenta.

Da aurena ya taso, na sa rai cewa ko baki ya ji kunya, hannu ba zai ji ba. Ni da ƙawayena muka yanka kwali mai ruwan madara, muka kwana biyu muna manna zare. Na je na samu Gwaggo, ƙanwar Baba, na roƙe ta ta kai masa.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ke ba ki da ta ido? Uba shi zamna shi zana sunan ɗiyar hwari, gari dut shi gani? Mi mutane za su ce?"

Na yi ta kuka har ta ɗauka ta kai. Ba ta daɗe ba ta fito da kwalin yadda ta shiga da shi. Ta ce ya dai shafa zaren ya ce an yi aiki mai kyau. Bayan kwana huɗu sai ga ƙaninsa ya dawo daga Gusau da kwali guda na katuna bugun inji, masu sheƙi, da hoton zobe biyu da furanni ja. Ƙawayena suna ta murna wai na zama 'yar birni. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne maganarsa, inji bai san amarya ba, kuma ni ya kai wa injin. Ko ɗaya ban ajiye ba a cikin katunan nan.

Akwai abin da ya yi da ba na mantawa, kuma ina jin kunyar abin da zuciyata ta yi a ranar. Na dawo gida wankan haihuwar fari, ba a daɗe da masifar gubar dalma da ta ci yara a Yargalma ba, wadda ta fito daga dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Wata mata daga can ta yi sallama, ta gaida Inna, ta durƙusa nesa da rumfa. Ba ta zo da kwali ba.

Ta ce, "Malam, ba arme na kawo ba. Ɗiyana biyu sunka tahi cikin wata guda. Ba su da hoto ko guda. An ce man in kar rubuta suna, awa mutum na tsaye gabanka. Su ba za su ga katin arme ba, shi na nac ce ko ka rubuta man su in aje."

Baba ya miƙe. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwalin da ya fi kowane kauri, wanda yake ɓoyo. Ya fiƙe alƙalami biyu, kowane yaro da nasa. Ya juya baya ya gwada su kamar kullum, ya ja layukansa, ya rubuta, har ya zagaye gefen da ruwan zinari. Matar ba ta iya karatu ba, sai ya kama yatsanta ta saman hijabi ya nuna mata, wannan ne babban, wannan ne ƙaramin. Ta rungume kwalin ta fita ba ta iya ko godiya ba. Inna tana share hawaye. Ni ina bakin ƙofa da jaririyata a hannu, na yi kuka ni ma, amma a ƙasan kukan akwai wani abu. Na ji ƙyashin yaran nan da suke cikin kabari. Allah Ya yafe mini, na ji shi, kuma na san na ji.

Faɗanmu ɗaya da shi a duniya, a bikin Auta ne. Na zo daga Anka tun saura mako don in taya aiki. Ranar da zai rubuta uwar kati ina zaune a bakin tabarmar ina yanka kwali, Auta tana jingine da ginshiƙin rumfa tana zuba masa surutu. Ya fiƙe alƙalami, ya gwada, ya tura guntun ƙarƙashin tabarma. Ya fara sunanta daga tsakiya. Ban taɓa ganin ya yi rubutu mai kyan wannan ba. Da ya zo harafin ƙarshe ya ja jelar nan har ta zagayo ta tallafi sunan gaba ɗaya, ya ɗaga katin ya kira ta da sunanta ya ce ta zo ta gani.

Kurtun tawada yana kusa da ƙafata. Ba zamewa na yi ba, ba kuma mantuwa ba ce. Na sa babban yatsana na ture shi. Tawada ta malale, ta bi ta kan katin da ya ajiye, ta jiƙa tabarma ta nutse. Auta ta kurma ihu. Baba bai dubi katin ba, ƙafata ya duba, yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, "Baba, shin ni ba ɗiyakka ba ta?"

Inna ta tsaya da muciya a hannu. Na ga bakin Baba ya motsa, na ɗauka yau zan ji. Sai ya kawar da kai ya ce, "Ke, tashi ki ɗauko tsumma."

Na ɗauko, na goge. Washegari ya fiƙe wani alƙalamin ya sake rubuta wa Auta, shi ne wanda ke cikin gilashi. Bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma gaya wa kowa da gangan na yi ba. Da Gwaggo ta tambaya ya ce kurtun ne gindinsa ya lalace. Ni ma ban ba shi haƙuri ba, ina jira ya fara. Na koma Anka na huce a kan tawa 'yar farin, sunanta nake kira tun safe har magariba, da dalili da babu dalili. In mun zo Gummi Inna ta riƙa toshe kunne tana cewa 'yan zamani ba su da kunya.

A shekarunsa na ƙarshe ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, mutane kuma sun koma tura gayyata ta waya. Duk da haka in an kawo masa kwali ba ya mayarwa, sai dai aikin hantsi ɗaya ya kai shi kwana uku. Zuwana na ƙarshe yana kwance, na gaishe shi ya amsa, ya tambayi mutanen Anka, ya tambayi hanya. Na zauna har la'asar ina jiran kalma ɗaya. Da zan tafi ya ce, "Ke, a sauka lahiya."

Ranar bakwai, bayan baƙi sun ragu, aka fito da 'yan kayan aikinsa. Auta ta ɗauki rula da kurtu da ragowar karan gamba, ba wanda ya hana ta, ita ce ta iya. Ni ban miƙa hannu ga komai ba. Ina naɗe kayana sai Inna ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gadonta, ta turo ta tsakiyar ɗaki da ƙafa.

Ta ce, "Tarkacen Malam na, na gwajin alƙalami. Rubutu ba a taka shi, shi yas sa in na yi shara nika tsincewa. A kai gindin darbejiya a sa musu wuta."

Auta ta miƙe za ta ɗauka. Inna ta ce, "Ba ke nac ce ba. Waccan."

Na ɗauka raina a ɓace. Ga Auta da kurtu, ga ni da shara. Na kai gindin darbejiya na buɗe murfin, kwallar cike take maƙil da guntayen takarda a ninke. Har na ƙyasta ashana, sai na ce bari dai in ga addu'ar da ya yi shekaru yana ɓoye mana. Na warware guda ɗaya.

Sunana ne.

Na warware na biyu, sunana. Na uku, na huɗu. Na zube a ƙasa na juye kwallar a kan zanina. Na can ƙasa takardun littafin makaranta ne da suka yi ja don tsufa, na sama guntayen kwali ne, rubutun yana rawa, jelar ƙarshe ta karye a hanya amma sai da ya ja ta. Akwai guda da sunan ya fito sau biyu, bakin alƙalami daban-daban, na tuna matar Yargalma. Duk alƙalamin da ya fiƙe wa wata amarya a garin nan, da sunana ya fara buɗe masa baki. Katunan da matan nan suka yi ta ɗagawa ranar uku, kowane ɗaya a bayana ya zo.

Sai na kai ga wani da ya ƙanƙame, ya yi baƙi, har da shatar saƙar tabarma a jikinsa. Da ƙyar na buɗe shi. Tawada ta cinye rabin sunan, saura haruffa biyu da jela. Na gane ranar. Yana ƙarƙashin tabarma, bai kai taku ɗaya daga ƙafata ba, sa'ad da nake tambayarsa ko ni 'yarsa ce. Ni da kaina na zuba masa tawada.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na tattara su na koma ɗaki, na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, kin san abin da ke rubuce cikin takardun ga?"

Ba ta dube ni ba, tana jan carbinta. "Ni ina nis san boko?" Ta ja ƙwaya biyu, sannan ta ce, "Kwashe kayanki dai ki ba ni wuri."

Auta ta leƙo ta ɗauki ɗaya ta karanta, ta ɗauki wani, ta zauna daɓas a bakin gado. Ta dubi firam ɗinta, ta dubi kwallar. Ta ce, "Yaya, ni sau biyu yar rubuta ni, guda ma kin ɓata." Muryarta na rawa, kuma na san wannan rawar sarai, na yi shekaru da ita a maƙogwaro. Ta ce in ba ta ko guda ɗaya ta ajiye saboda hannun Baba. Ina son ƙanwata, Allah Ya sani. Na karɓe na hannunta na mayar, na rufe kwallar, na ɗaure ta da ɗankwalina. Har yau ban ba ta ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, hannun da ya faranta wa 'ya'yan mutane. Ya yafe mini tawadar nan da haƙurin da ban ba shi ba. Wanda duk ya karanta wannan, in akwai katin Malam a gidansu, ya yi masa addu'a. Ni tawa addu'ar ɗaya ce bayan kowace salla: in Allah Ya haɗa mu a gidan da babu kunyar ɗan fari, Baba ya ɗaga murya ya kira ni da sunana, kowa yana ji, kuma ya kira ni kafin ya kira Auta.